Kwamin Dihe a Tsakar Gidanmu na Ridina

Kakan maigidana ya baro ƙasar Kano da ƙafa, niyyarsa Makka. Da ya iso bakin kogin Shari guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi ɗinki shekara guda sannan ya ci gaba. Bai ci gaba ba. Gidan da ya gina a unguwar Ridina nan aka kai ni ina amarya, nan na haifi 'ya'yana biyar, nan kuma na ɗauka za a fitar da gawata.

Maigidana malamin kimiyya ne a lise, wato babbar sakandare. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka. Mutum ne da ba a yi masa tambaya a tsaye. In ka ce masa me ya sa madara take tsami, to nemi wurin zama, don sai shayinka ya huce bai kai ƙarshe ba.

Shekarar da ya yi ritaya muka yi sabon maƙwabci. Mutumin Zamfara ne, rashin zaman lafiya ya koro shi da iyalinsa, ya kama gidan da ke jikin katangarmu ya fara sana'ar ƙanƙara. A garin nan wuta sai ta ga dama take zuwa, don haka ya sayi babban janareta, irin wanda mu nan muke ce wa gurup, ya girke shi daidai bayan madafata. Ba a yi wata biyu ba katangar ta yi baƙi. In na shanya fararen kayan Malam sai in kwashe su suna warin gazwal, man da injin yake sha. Miyata ma sai da na riƙa jin kamar da hayaƙi a cikinta.

Na ce wa Malam ya je ya yi masa magana, in bai ji ba a kai shi wurin mai unguwa. Ya sa hularsa ya fita bayan la'asar. Ya daɗe. Da ya dawo fuskarsa a sake take, na ce an dace ke nan.

"Zai matsar da injin?"

"A'a. Na roƙe shi kada ya matsar."

Na ajiye ludayin da ke hannuna.

"Na roƙe shi ya ba ni hayaƙin," in ji shi. "Ya ce, 'Malam, mi za ka yi da hayaƙi? Ɗauka duka, na ba ka duniya da lahira.' Mutumin kirki ne."

Nan ya zaunar da ni a kan turmi ya yi mini karatu. Ya ce a cikin kowane hayaƙi akwai wata iska da ba a gani, iskar kabon. Injuna da motoci da masana'antun duniya sun shekara da shekaru suna tura ta sama, ta taru ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita. Shi ya sa bazarar yanzu ba irin ta ƙuruciyarmu ba ce, shi ya sa damina take zuwa ko dai ta ƙi ruwa ko ta zubo shi gaba ɗaya. Ya ce a manyan ƙasashe ana gina injuna na kama iskar nan tun daga bakin bututu, a adana ta ko a yi wani abu da ita. Mu ba mu da irin injunansu, amma muna da dihe.

Dihe na san shi tun ina yarinya. Wani koren abu ne kamar gansakuka da ke fitowa a tafkunan kanwa na ƙasar Kanem. Matan Kanumbu suke kwaso shi su shanya a kan yashi, ya bushe ya zama ɓawo-ɓawo, a kawo kasuwa ana miya da shi. Mahaifiyata takan saya wa mai jego, ta ce yana mayar da jini. Malam ya ce abincin dihe shi ne wannan iskar. In aka bi da hayaƙin ta cikin ruwan da yake zaune, zai sha iskar ya yi yawa, mu kwashe mu ci, mu ba maƙwabta.

"Wato hayaƙin maƙwabci za mu ci," na ce.

"Ai itacen mangwaro ma abin da yake ci ke nan, kina shan 'ya'yansa."

Ban yarda ba, amma ban hana ba. Tun da ya bar aji yake yini a zaure yana karanta jaridar jiya. Ranar nan ce na fara ganin ya manta da shayinsa don yana magana.

Wurin da nake ɗaure awakina ya zaɓa. Aka kai awakin gidan ƙanwata a unguwar Klemat, aka kira magini ya yi kwami na siminti, tsawonsa taku takwas, faɗinsa uku, zurfinsa bai kai gwiwa ba. Aka huda katanga aka shigo da bututun ƙarfe. Mai ƙanƙara ya ji tsoron kada injinsa ya shaƙe, don haka wani sashe na hayaƙin kawai aka karkato, ya bi ta cikin duro biyu na ruwa ya huce ya wanke, sannan ya fita ta tiyo mai ƙananan huda a ƙasan kwamin. Malam da kansa ya yi tafiyar kwana biyu zuwa Kanem ya ɗebo irin dihe a jarka huɗu. Ya ce tsohuwar da ta ɗebar masa ta tambaye shi da Larabci me zai yi da ɗanyen ruwa. Da ya gaya mata, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce dihe ba ya zama a gidan haya.

Kwana goma ruwan yana nan fari-fari da kanwa, babu alamar komai. Rana ta sha ɗaya na fito alwalar asuba na ga ya ɗan juya. Kafin sati ya zagayo ya zama kore shar, koren da ban taɓa gani ba a tsakiyar Ridina, inda ko ciyawa ba ta samun wurin tsira. Kumfa na tasowa daga tiyon a hankali. Malam ya durƙusa a bakin kwamin ya daɗe yana kallon kumfar.

Dihe yana son a riƙa motsa shi don kowane ɓangare ya samu rana. Malam gwiwa ta fara damunsa, sai aikin ya dawo kaina. Na sa aka sassaƙa mini doguwar muciya, ina zagaya kwamin da ita sau biyar a yini, bayan kowace salla. Da farko ina yi ina mita. Daga baya na tarar in na je biki hankalina yana gida. Na san warinsa in yana lafiya, na san yadda yake taruwa a kusurwa in yana son ƙarin kanwa. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo. Wata ta ce mini da Larabci, "Sahi, da gaske hayaƙi yake ci?" Na ce ƙwarai, na kuma yi mata bayanin bargon sama kamar ni na karanta.

Muka tace na farko da farin ƙyalle, muka shanya a faranti. Na yi miya da shi da busasshen kifi, muka ci da tuwon dawa, na aika wa matar mai ƙanƙara kwano guda. Wata uku muna haka.

Babbar 'yarmu tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, tana aure a unguwar Pari-Kongo. Sunan mahaifiyar Malam gare ta, shi ya sa yake ce mata uwata. Wata Juma'a ta zo da 'ya'yanta, na zuba musu tuwo. Ta ɗaga murfin miyar ta shinshina, ta mayar ta rufe.

"Inna, wannan na kwamin ne?"

"Shi ne."

"Kada ki ba su."

Malam yana jin ta daga ƙofar ɗaki. "Uwata, na wanke hayaƙin nan sau biyu."

"Baba, kai ka koya mini cewa abin da hanci bai ji ba ma yana nan. Wannan kuwa har hanci yana ji. Ba ni kaɗan in kai a duba."

Ta ƙulle ɓawo biyu a leda ta kai wa wata abokiyar karatunta da ke aikin gwajin abinci. Bayan sati uku ta dawo da takarda. Ba ta ba Malam a gabana ba, ta bi shi zaure. Da suka fito ita ce idonta ya yi ja, ba shi ba. Ya ce mini akwai guntun dattin gazwal a ciki, irin wanda ba ya kashe mutum yau amma yana taruwa a jiki. Ya shiga gidan mai ƙanƙara da kansa ya ba su haƙurin kwanonin da muka riƙa aika musu. Ni kuma na kwashe abin da muka tara a buhu na rasa inda zan kai shi. Ba a ba mutum, ba a ba kaza tunda kazar ma ci za a yi. Malam ya ce in aka ƙone shi ko aka bar shi ya ruɓe, iskar da ya sha za ta koma inda ta fito. A ƙarshe muka haƙa rami a bayan ɗaki muka binne.

Na ɗauka ya haƙura. Sai ya ƙara duro biyu, ɗaya da yashi ɗaya da tsakuwa, ya kwashe ruwan kwamin kaf, ya sake tafiya Kanem. Wannan karon 'yarmu ta ce da sauƙi, amma ba ta ce a ci ba. Ya ce to ko ba a ci ba, a riƙa binnewa, ai an kama iskar. Haka muka shekara muna noma abin da muke binnewa. Bayan ɗakinmu ya cika da ramuka. Matan unguwa suka daina shigowa. Na ji an ce wata ta ce boko ya taɓa Malam, matarsa kuma ta biye masa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bazarar shekara ta uku ta zo da zafin da tsofaffin Ridina suka ce ba su taɓa gani ba. Ƙarfe ba ya taɓuwa, tabarma kamar an ɗauko ta daga kan murhu. A layinmu kaɗai aka yi jana'izar tsofaffi uku cikin kwana goma, babu wanda ya yi jinya, zafi ne kawai. Wuta kuwa ta ɗauke gaba ɗaya. Tun hantsi mutane suke layi a ƙofar mai ƙanƙara da kuloli da buhuna, har daga Klemat ake zuwa a kan babur. Injinsa ya daina hutawa. Da ya ga bai isa ba ya sayo na biyu, ya girke kusa da na farko.

Dihe yana son ɗumi, amma yana da iyaka. Da azahar in na sa hannu a kwamin sai in ji kamar ruwan wankan jego. Muka yi masa rumfa da zana, muka ƙara ruwa, muka rufe bututun hayaƙin da rana don kada ya ƙara masa zafi. Duk da haka koren ya fara komawa ruwan ɗorawa daga gefe, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya fara tashi.

Mai ƙanƙara ya leƙo ta kan katanga ya gani. Ba a jima ba sai ga shi da kansa da sandar ƙanƙara biyu a kafaɗa, a lokacin da mutane ke faɗa a ƙofarsa a kan rabin sanda.

"Malam, sa wanga ciki. Kullum zan kawo ma huɗu, har zafin ga ya wuce."

Malam ya yi godiya, muka sa. Ruwan ya yi sanyi, zuwa yamma koren ya ɗan farfaɗo. Washegari ya kawo huɗu, washegarinsa ma haka. Na fara cewa a raina mun tsallake.

Rana ta huɗu da hantsi ya shigo da ƙanƙarar, Malam yana zaune a bakin kwamin da takarda da fensir a cinyarsa. Bai tashi ba.

"Alhaji, zauna in tambaye ka. Sanda huɗun nan, awa nawa injinka yake yi kafin su daskare?"

Ya faɗa masa.

"Gazwal nawa yake sha a awa?"

Ya faɗa masa wannan ma. Malam ya yi rubutu kaɗan, ya ja layi a ƙasa. Ya juyo gare ni, ba ga baƙon ba.

"Hayaƙin da ake yi don a daskarar da ƙanƙarar da za ta raya kwamin nan yini ɗaya ya fi abin da kwamin yake sha a yinin. Ba kusa ba ma." Ya ajiye fensirin. "Kuma ko babu ƙanƙara, na daɗe da sani. Abin da muka binne shekara guda, injin nan yana fitar da shi kafin Juma'a ta zagayo. Yanzu kuma sun zama biyu."

"Tun yaushe ka sani?" na ce.

"Tun kafin a zuba siminti."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi masa ba. Na tuna awakina, na tuna kafaɗata da ke ciwo saboda muciya, na tuna bakin matan unguwa. Na ce, a gaban baƙo, abin da ban taɓa yi ba, "To don me ka sa ni wahala?"

"Na ɗauka in mutane suka ga ya yiwu a gida ɗaya, za a yi a gida dubu. Shekara uku, ko mutum ɗaya bai tambaye ni yadda ake gina kwamin ba." Ya dubi mai ƙanƙara. "Alhaji, mayar da su. Akwai masu tsofaffi a gida suna jira a ƙofarka."

Mai ƙanƙara ya tsaya ruwa na ɗiga daga kafaɗarsa. "Malam, ni laihina ne? In na kashe injin ga, mi 'ya'yana za su ci? Mutanen ga kuma mi za su sha?"

"Ba laifinka ba ne. Da naka ne da da sauƙi, sai in yi fushi da kai in huta."

Kwana biyu bayan nan kwamin ya mutu. Ya koma ruwan ƙasa, ƙudaje suka rufe shi. Ni na kwashe shi da bokiti na zubar a kwata, don Malam ya ce ba zai iya ba. Ina kwasa ina kuka, ina kuma jin haushin kaina da nake kuka a kan gansakuka alhali an binne mutane a layinmu.

Daga nan Malam ya canza. Ba ciwo ya kwanta ba, magana ce ta ragu. In aka tambaye shi a masallaci me ya kawo wannan zafi, sai ya ce Allah ne masani, ya nemi takalminsa. Mutanen da a da suke gudun tambayarsa saboda tsawon amsa suka fara tambayata ko lafiya.

Damina ta zo a makare, sannan ta zubo kamar da gayya. Kwatocin unguwa suka cika suka dawo mana cikin gida. Ruwa ya kwana uku a tsakar gida, ya jiƙa gindin katangar ƙasa ta ɗakin kakan Malam har ta zauna. Ramukan bayan ɗaki suka buɗe, abin da muka binne ya taso baƙi ƙirin ya bi ruwa ya fita ta ƙofa. Malam yana tsaye a kan dakali da wandonsa a naɗe yana kallo. Na jira ya ce wani abu. Ya ce in ɗauko masa butarsa kada ruwa ya tafi da ita.

Bayan ruwan ya janye tari ya kama shi, ya ƙi tafiya. Likita ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar hayaƙin injuna biyu ba, ga danshi. 'Yarmu ta zo ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ɗaki biyu suna nan a gidana babu kowa. Don Allah." Na zaci zai yi gardama a kan gidan kakansa. Ya ce, "To, uwata."

Mai ƙanƙara ne ya sayi gidan, don yana neman wurin faɗaɗa sana'a. Ya yi mana mutunci, bai taya ba, abin da 'yan'uwan Malam suka faɗa shi ya bayar. Ranar da muke tashi ya kama mana kaya har mota, ya riƙe hannun Malam da hannu biyu yana neman gafara. Malam ya ce babu komai tsakaninsu sai alheri, kuma gaskiya ya faɗa.

Yanzu shekararmu biyu a Pari-Kongo. Kwanakin baya wani tsohon ɗalibinsa, wanda shi ma yanzu malami ne har da furfura, ya zo gaishe shi. Ya ce ya ji labarin kwamin, yana so ya gwada irinsa a makarantarsu, ko Malam zai nuna masa. Ban san ko murna nake ba ko tsoro. Malam ya tambaye shi ko makarantar tana da bishiyoyi. Ya ce akwai darbejiya biyar. Malam ya ce, "Ka riƙa ba su ruwa." Ya koma tambayarsa lafiyar mahaifiyarsa. Mutumin ya ƙara zama kaɗan ya yi sallama.

Da ya tafi na ce, "Ai da ka nuna masa. Shi ne mutum ɗayan da kake jira."

"Ya zo da matarsa ne?"

"A'a."

"To ita za ta riƙe muciyar. Ban tambaye ki ba wancan karon, ba zan sa a yi wa wata ba."

Bana ma ruwa ya makara. Gero ya bushe a gonakin bayan gari, limamai suka ce a fita roƙon ruwa. Malam ya ce in nemo masa sandarsa, ya bi mutane a hankali har filin. Ya dawo wajen hantsi ya zauna a inuwa yana haki, na kawo masa kunu. Ya ce an yi addu'a mai kyau, mutane sun yi kuka. Na tambaye shi ko yana ganin za a samu ruwan.

Ya ce za a samu, har ya fi ƙarfinmu. Ya ce in gaya wa mijin 'yarmu ya fara neman buhunan yashi tun yanzu, kafin su yi tsada.